Daga Asabar Zuwa Asabar: Yadda Muka Shirya Yawon Tsibirai a Kuroshiya

Hayar jirgin ruwa a gaɓar tekun Kuroshiya daga Asabar take zuwa Asabar. Ana miƙa maka jirgi da yammacin Asabar, wajen ƙarfe biyar, ka dawo da shi tashar da ka ɗauka da yammacin Juma'a, ka kwana a ciki, ƙarfe tara na safe ka kwashe komatsanka don masu shara su shiga, wasu kuma na nan tsaye da jakunkunansu suna jira. Wanda ya zauna ya ƙirga zai ga abin da ake kira mako guda, a kan ruwa kwana shida ne kacal. Duk sauran shirinmu a kan wannan lissafi ya hau.

Mu shida ne. Ni da maiɗakina, da wani aminina likita da iyalinsa, dukkanmu mazauna kudancin Jamus, sai yayana da zai taso daga Abuja, da ɗansa da ke karatu a Ostiriya. Tun watan Nuwamba muka fara zubi duk ƙarshen wata, matar likita ce ma'aji, kuma tun ranar farko ta gindaya sharaɗi: wanda ya fasa bayan an biya kafin alƙalami, kuɗinsa ya bi ruwa. Kowa ya yi dariya, amma sharaɗin nan shi ya riƙe tafiyar. Kamfanonin haya kan karɓi rabin kuɗi ranar da aka kama jirgi, ragowar kuma kamar wata guda kafin tashi, ba ruwansu da cewa wani ya sauya ra'ayi.

Muhawarar farko a kan wata aka yi. Yuli da Agusta su ne lokacin hutun Turawa, jirgi ya fi tsada, tashoshi a cike, rana kuma ba ta wasa. Mayu da farkon Yuni akwai sauƙi, sai dai ruwa bai gama ɗumi ba. Muka tsaya a kan rabin ƙarshe na Satumba: teku na riƙe da zafin da ya sha duk bazara, yara sun koma makaranta, farashi ya sauko sosai. Abin da ake saya da wannan arha shi ne rashin tabbas, don daga tsakiyar Satumba yanayi ke fara juyawa.

Sai nau'in jirgi. Matan sun ga hoton katamaran, mai ciki biyu da faffaɗan fili a tsakiya, suka ce shi ke nan. Yana da daɗin zama, ba ya karkata idan iska ta cika ƙyallensa, mai jiri ya fi samun sauƙi a ciki. Amma hayarsa ta kusa ninka ta jirgi mai ciki ɗaya, kuma saboda faɗinsa kowace tasha sai ta ɗora masa ƙarin kuɗin kwana. Ma'aji ta ja layi a ƙarƙashin adadin, magana ta mutu. Muka kama mai ciki ɗaya, tsawonsa wajen mita 14, ɗakuna huɗu, banɗaki biyu.

Ɗaki na huɗu na matuƙi ne. Dokar ƙasar ba ta yarda a ba ka jirgi ba sai a cikinku akwai mai lasin tuƙi da suka amince da shi, da kuma takardar shaidar iya aiki da rediyon jirgi. Mu kuwa babu wanda ya taɓa riƙe sitiyarin kwalekwale. Ana biyan matuƙi da kwana, abin da aka nema a wurinmu ya kusa yuro 200 a kullum, kuma cinsa da shansa a wuyanku yake. Wasu kan ce ya kwana a falo don su ƙara mutum biyu su rage wa kansu kuɗi. Ban ga hikimar wannan ba. Mutumin da zai tashi tsakar dare ya duba ko anka, ƙarfen da ake jefawa a ruwa ya tsayar da jirgi, ta riƙe, ya kamata ya samu ƙofar da zai rufe.

Na roƙi kamfanin su haɗa ni da shi tun da sauran watanni, muka yi magana ta bidiyo. Dattijo ne ɗan tsibirin Brač, mai ƙarancin magana. Na gaya masa ba ma shan giya, ba ma cin alade, muna salla sau biyar, matanmu kuma za su so wuraren iyo marasa cunkoso. Ya ce duk wannan mai sauƙi ne, tambayarsa ɗaya ce: mutum nawa ne suka iya ruwa? Amsar ba ta yi daɗin faɗa ba, biyu ne cikin shida. Mu da ke Jamus muka shiga ajin koyon iyo na manya a lokacin sanyi, Yaya kuma ya ce shi da rigar ceto mutu ka raba, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan taswira. Jirgi irin namu yana cin mil biyar zuwa shida na teku a awa, mil na teku kuwa mita 1,852 ne. Wato abin da mota za ta share a minti ashirin, jirgi sai ya yi awa uku a kai. Yaya ya dage sai an je Dubrovnik, ya ce ba zai taso tun daga Abuja ya koma bai ga ganuwar garin ba. Na buɗe taswira na auna masa: daga birnin Split, kusa da inda za mu ɗauki jirgi, ya haura mil 100, zuwa kawai. Zuwa da dawowa a kwana shida na nufin wuni cur a kan ruwa kullum, yawanci da inji, ba iyo ba yawo. Akwai hayar da za ka ɗauki jirgi a nan ka ajiye a can, amma da ƙarin kuɗi mai kauri.

"Yaya, in dai ganuwa ce, ka ƙara kwana biyu bayan mun sauka, bas na zuwa."

"To ku da kuka san teku, ku yi yadda kuka ga dama," in ji shi. Haka yake faɗa idan ya sallama.

Matuƙi ya ba ni ƙa'ida guda: kada ranar tafiya ta wuce awa huɗu zuwa biyar, kuma ranar Alhamis da dare mu kasance inda ko yanayi ya ɓaci za mu iya kaiwa gida ranar Juma'a. Ya ce kada in rubuta jerin kwanaki, in rubuta wuraren da muke so, in sa alama a kan biyun da in ba a je ba za a ji haushi. Sauran, iska ce za ta jera su.

Iskokin wannan teku suna da suna, kuma mutanen wurin kan ambace su yadda ake ambaton maƙwabta. Maestral ita ce ta lafiya, daga arewa maso yamma, tana tasowa wajen hantsi, ta yi ƙarfi da azahar, ta kwanta da faɗuwar rana. Da ita ake buɗe ƙyalle a kashe inji. Bura daga arewa maso gabas take, tana gangarowa daga duwatsun bakin gaɓa, busasshiya mai sanyi, 'yar uwar hunturu ce sai dai babu ƙura, kuma bugu take yi ba zato. Jugo daga kudu maso gabas, mai ɗumi da laima, a hankali take taruwa kwana biyu ko uku, tana turo manyan raƙuman ruwa tun daga ƙasan wannan teku na Adiriyatik. Akwai kuma neverin, guguwar tsawa da kan faɗo cikin ɗan lokaci ta wuce. Kowane lungun teku yana da iskar da yake tarewa da wadda yake buɗe mata ƙofa, don haka wurin da ya zama aljannar duniya daren jiya zai iya hana ku barci yau. Na sauke manhajar Windy a waya, na kuma saba duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasar, DHMZ, wadda ke fitar da bayani na musamman ga masu jirage. Hasashen da ya wuce kwana uku, matuƙi ya ce in karanta shi don nishaɗi.

Wurare biyun da muka sa wa alama su ne Vis da Stari Grad. Vis na daga cikin tsibiran da suka fi nisa da gaɓa, wajen mil 30 daga Split. Sansanin sojan Yugoslabiya ne, ba a barin baƙi su shiga sai a 1989, abin da ya sa ya tsira daga manyan otal-otal da aka jera a wasu wurare. Har yanzu ramin da aka fafe cikin dutse don ɓoye jiragen yaƙi na nan, ana shiga da ƙaramin kwalekwale. A 1944 Tito, jagoran mayaƙan Yugoslabiya a lokacin, ya yi zama a wani kogo a tsibirin, a 1866 kuma a ruwansa ne jiragen yaƙin Ostiriya suka fatattaki na Italiya. Daga garin masunta na Komiža, mil biyar ne zuwa ɗan tsibirin Biševo mai Shuɗin Kogo, inda hasken rana ke shiga ta ƙarƙashin ruwa kafin azahar ya rine ko'ina shuɗi. Stari Grad kuwa, a tsibirin Hvar, Girkawa daga tsibirin Paros ne suka kafa shi a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma filin noman da ke bayansa har yau yana nan da iyakokin duwatsu yadda suka yanka shi. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2008.

Garin Hvar kansa, wanda kowa ke ɗora hotonsa, da gangan muka cire shi daga wuraren kwana. Tasharsa ƙarama ce, jirage na shige da fice suna kaɗa ruwa, kiɗa har asuba. Daga Stari Grad bas na kai mutum cikin ƙasa da awa guda. Tsibiran Pakleni da ke gabansa mun sa su a jerin "in an samu hali", tare da gargaɗin da matuƙi ya yi mini: ɗaya daga cikinsu, Jerolim, ya shahara da masu wanka tsirara. Gara mutum ya sani tun a gida, da ya je da yayansa ya rasa inda zai sa ido.

Wurin kwana iri huɗu ne, kuma a nan kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Marina, wato tashar da aka gina don irin waɗannan jirage, ita ce mafi tsada, jirgi irin namu ya kan kai yuro 100 ko fiye a dare, amma akwai wuta da ruwa da banɗakin wanka. Bakin gari ya ɗan fi sauƙi, ana ɗaure jirgi da baya, ka sauko kai tsaye kan titi, sai dai wanda ya riga zuwa shi ke samu, bayan la'asar kuwa sai sa'a. Akwai ƙwallayen da ke yawo a kan ruwa, an ɗaure su da kankare a ƙasa, ana kama su da igiya a biya. Wasunsu na gidajen abinci ne da ake kira konoba, in za ku ci a wurinsu ba sa karɓar kuɗin ɗauri. Na ƙarshe shi ne jefa anka a lungu, galibi kyauta. Muka yi kasafin dare biyu a tasha mai ruwa da wuta, sauran kuma yadda ta kama. Ban da wannan akwai kuɗin sharar ƙarshe, da harajin baƙi na kowane mutum a kowane dare, da man dizal, da injin ƙaramin kwalekwale wanda yawanci daban ake biya. Babba a ciki shi ne kuɗin jingina, namu yuro 2,000, da ake riƙewa a kati har a dawo da jirgi lafiya. A tabbata katin da za a miƙa zai ɗauki wannan nauyi, kuma mai katin ya san ba zai taɓa kuɗin ba duk makon.

Takardun Yaya su ma sun ci lokaci. Tun 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta kuma koma amfani da yuro, don haka mu masu takardar zama a Jamus da Ostiriya fasfo da katin zama kawai muka ɗauka. Shi kuwa sai biza: kuɗinta yuro 90, da inshorar lafiya mai iya biyan magani har na yuro 30,000, kuma ana iya nema tun watanni shida kafin tafiya. Wurin da fom ke tambayar masauki shi ne abin lura, don babu otal. Kamfanin ya aiko da shaidar haya da jerin sunayen matafiya mai ɗauke da lambar fasfonsa, muka haɗa da wasiƙa mai bayyana cewa a jirgi zai kwana. Ya so ya taho mana da kilishi, na hana shi, don dokar Tarayyar Turai ta haramta shigo da nama a jaka daga wajenta. Yaji dai ya iso lafiya, ya kuma yi aiki.

Batun abinci, mun yanke shawarar zama a kan kifi da ƙwai da kayan lambu, da ɗan naman gwangwani na halal da muka saya a shagon Turkawa a Jamus. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, har da oktopus mai ƙafa takwas da suke gasawa a ƙarƙashin murfin ƙarfe da garwashi a kai, girkin da suke kira peka, wanda sai an yi oda tun da sauran awanni. Tarkon yana cikin miya. Gregada, shahararren farfesun kifi na Hvar, da farar giya ake dafa shi, haka ma yawancin miyar kifinsu. Na rubuta kalmomi biyu a waya, bez vina da bez svinjetine, wato ban da giya, ban da naman alade, kuma duk inda muka faɗa tun kafin a ɗora tukunya an yi mana yadda muke so. A Komiža suna da wani burodi mai cikin kifi mai gishiri da albasa da tumatir, shi ba ya buƙatar tambaya mai yawa. Sayayyar mako kuwa ranar Asabar ake yinta a babban kanti kafin a hau jirgi. Kaya a tsibiri sun fi tsada, kuma tun 2023 doka ta taƙaita buɗe shaguna ranar Lahadi. Ruwan sha na gora muka lissafa lita biyu ga kowa a kullum, muka ƙara a kai.

Ruwan tanki shi ne abin da ke haɗa mutane faɗa a jirgi. 'Yan ɗaruruwan lita ne, na wanka da wanke-wanke da girki, ga mutum bakwai. Likita ne ya tuna mana cewa ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, sai muka ɗaura igiya a bokiti don alwala, tanki ya huta. Banɗakin jirgi kuma ba a jefa masa takarda ko kaɗan, bututunsa siriri ne, in ya toshe daga kuɗin jingina za a cire. Matuƙi ya fara dogon bayani a kan wannan, da ya ga butoci biyu da muka zo da su sai ya taƙaita.

Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take, wajen digiri 131, kusan inda jugo ke fitowa. Jirgi na da kamfas babba a gaban sitiyari, ba a rasa ta. Matsalar ita ce jirgin da ke kan anka juyawa yake da iska, za ka kabbara kana fuskantar alƙibla, kafin ka kai raka'a ta biyu ya karkata. Na tambayi wani malami kafin mu tashi, ya ce mai farilla a jirgi ya juya tare da alƙibla gwargwadon iko, ya tsaya in zai iya, in ba zai iya ba ya zauna. A aikace mun fi jinkirta azahar mu haɗa da la'asar bayan an ɗaure jirgi, mu sauka mu shimfiɗa darduma a kan dutse.

Jaka mai taushi ake zuwa da ita, wadda za a naɗe a cusa a lungu, akwati mai taya ba shi da wurin zama. Takalmi mai farin ƙasa don kada ya ɓata dandamali, maganin jiri, hula mai igiya, rigar sanyi ɗaya don dare.

Ranar Asabar muka sauka a filin jirgin saman Split, wanda ya fi kusa da Trogir inda jirginmu yake. Karɓar jirgi ta ɗauki fiye da awa guda. Ni da matuƙi da ma'aikacin kamfani muka bi takarda layi-layi: rigunan ceto, abin kashe gobara, famfon fitar da ruwa, fitilu, anka, murhu, firji. Na ɗauki hoton kowane ƙwarzane a jikin jirgin, don kada a ce mu muka yi. Matuƙi ya tara mu ya nuna mana tasha ta 16 a rediyo, ta neman agaji, ya sa kowa ya adana lambar 195 ta masu ceto a teku. Sannan ya buɗe hasashen yanayi ya ce jugo na tafe tsakiyar mako.

A takardata Vis a tsakiya take. Ya ce in muka jira, bakin Shuɗin Kogo ƙasa yake, da zarar raƙuman jugo sun taso ake rufe shi. Sai ya juya jerin. Lahadi muka yi gajeriyar tafiya zuwa Maslinica a tsibirin Šolta don a gwada cikin kowa. Litinin muka tsallaka zuwa Komiža da maestral a gefe, awa biyar babu ƙarar inji, Yaya na zaune da rigar cetonsa yana jan carbi. Talata da safe muka isa Biševo. Ba a shiga kogon da jirgin kai, ana sayen tikiti a hau ƙananan kwalekwalen wurin, a bakin shiga kowa ya sunkuyar da kai. Da yamma muka zagaya garin Vis, Laraba da sassafe muka gudu zuwa Stari Grad, ruwa ya riga ya fara kumbura. Lungun garin dogo ne, bakinsa na kallon arewa maso yamma, jugo ba ta samun shiga. Can muka yi dare biyu. Muka yi yawo cikin gonakin inabi da zaitun, muka shiga Tvrdalj, gidan da mawaƙi Petar Hektorović ya gina a ƙarni na 16 da tafkin kifi a tsakiya, matan kuma suka hau bas zuwa garin Hvar suka dawo suna cewa gara da ba a can muka kwana ba. Pakleni ba mu taka ba.

Juma'a jirage ɗaruruwa ke komawa gida a lokaci guda, kuma kowa sai ya mayar da tanki a cike, don haka layin gidan mai na Trogir kan yi tsawo da yamma. Matuƙi ya bi da mu ta mashigin da ke tsakanin Brač da Šolta, ya ratsa da mu Milna a tsibirinsu kafin azahar muka sha mai, muka isa Trogir muka ɗaure jirgi da sauran rana. Mai nutso ya shiga ƙarƙashi ya duba cikin jirgin, ma'aikaci ya sake bin takardarsa, ya sa hannu. An saki kuɗin jingina a take, amma sai da aka shiga mako na gaba kafin bankin likita ya nuna su. Ma'aji ta karanta lissafi a falo a daren, an ware wa matuƙi tukuici, abin da ya rage a asusu kuma ya isa ya biya wa Yaya da ɗansa kuɗin bas da masaukin dare ɗaya a Dubrovnik.